Addini Uku a Gida Ɗaya: Abin da Na Koya Game da Bambancin Koyarwar Kirista

Ni Bahaushe ne, kuma Kirista. An haife ni a wani ƙauyen Maguzawa a ƙasar Malumfashi, a gidan da addini uku suka ci tuwo a akushi ɗaya. Kakana ya rayu ya mutu a kan al'adar iyayensa ta bautar iskoki. Baffana, wan mahaifina, ya musulunta wajen 1964, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello yake zagaya ƙauyuka yana kiran mutane zuwa Musulunci. Ya duƙufa karatu har aka riƙa ce masa Malam, daga baya kuma ya sauke farali. Mahaifina ya karɓi bishara bayan 'yan shekaru, ta bakin wani mai wa'azi da yake zuwa mana a keke ranar kasuwa.

Mutane masu kyakkyawar niyya sukan ce, "Ai duk ɗaya ne, hanya ce kowa da tasa." Na san abin da suke gudu, fitina suke gudu, kuma Allah ya saka musu da alheri. Amma a gidanmu ba wanda ya taɓa faɗin haka. Baffa yana ganin ƙanensa ya saki hanya a kan babban al'amari, Baba ma haka yake ganin wansa, ga shi kuwa gandu ɗaya suka noma har tsufa. A wurinsu na koyi cewa bambancin nan gaskiya ne, na koyi inda yake, na kuma koyi cewa zaman lafiya ba ya bukatar a rufe shi da ƙarya.

Allah na nesa da Allah na kusa

Kaka bai taɓa musun akwai Allah ba. In ka tambaye shi wa ya yi sama da ƙasa, ba ya jinkiri zai ce Allah. Sai dai a ganinsa Allah ya yi nisa ƙwarai, ba ya shiga maganar ciwon yaro ko tsutsar gona. Waɗanda ke kusa su ne iskoki: Inna, Kure, Ɗan Galadima, Sarkin Rafi, kowanne da halinsa, kowanne da irin dabbar da yake so a yanka masa. Kafin shuka a zub da jini, bayan girbi a zub da jini, yaro ya kwanta a nemi boka ya duba wane ne aka ɓata wa rai. Kaka mutum ne mai riƙon amana, ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Amma kullum a cikin fargaba yake, don bai taɓa sanin ko abin da ya yanka ya isa ba.

'Ya'yansa biyu ta ƙofa ɗaya suka fita daga wannan fargaba: Allah ɗaya ne, yana ji yana gani, ba a yanka wa kowa sai shi, ba a tsoron kowa sama da shi. A nan bakinsu ɗaya. Da suka fito kuwa sai hanya ta rabu. A wurin Baffa, babu ɗaukakar da ta wuce a ce da mutum bawan Allah. A wurin Baba, Yesu ya koya wa almajiransa su kira Allah Uba in za su yi addu'a, don haka mai bi ɗa ne a gidan ubansa. Baffa yakan girgiza kai ya ce, "A cikin sunayen Allah 99 da muka sani babu wannan. Ina jiye maka tsoron kalmar nan." Baba ya ce, "Yaya, ba haihuwa nake nufi ba, kusanci nake nufi, da ƙaunar da ba ta jiran sai na cancanta." Wannan shi ne bambanci na farko da kunnena ya ji tun ban san karatu ba.

Wane ne Yesu?

Abin da yake ba yaran majami'armu mamaki shi ne yadda Baffa ya san Annabi Isa. Ya san cewa budurwa ce ta haife shi, akwai ma sura sukutum a Alƙur'ani mai sunan Maryamu. Ya san ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah, ana ce masa Almasihu, kuma zai dawo kafin tashin ƙiyama. Ba ya ambatonsa ba tare da ya yi masa addu'ar aminci ba. Ta wannan fuska Musulmi ya fi Bayahude kusa da mu nesa ba kusa ba, domin addinin Yahudanci bai karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba, har yau jiran wani suke yi.

Tambayar nan ta wane ne Isa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya zurfafa bincike a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da shi, har koyarwarsa ta sa aka kashe shi. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu wajen Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya wurin wani mai wa'azin bishara, Dakta Walter Miller, suna neman ƙarin bayani, kuma daga cikinsu aka samu wasu gidajen Kiristocin Hausa na farko, waɗanda tarihinsu ya haɗu da na Wusasa.

Inda aka rabu shi ne nan: Musulunci ya ce Isa manzo ne mai girma, amma mutum ne, bawan Allah; Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, kamar yadda Suratul Ikhlas ta koyar. Mu kuwa mun gaskata cewa Yesu shi ne Kalmar Allah ta tun fil'azal, wadda ta zama mutum ta zauna a cikinmu. Babu Kiristan da ya san addininsa da zai ce Allah ya yi aure ya haihu. Wannan saɓo ne a wurinmu kamar yadda yake a wurin Musulmi. Ba kuma alloli uku muke bauta wa ba. Abin da muke cewa shi ne Allah ɗaya ne a zatinsa, ya kuma bayyana kansa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ikilisiya ta daɗe tana kokawa da yadda za ta faɗi wannan. A shekara ta 325 shugabanninta suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, saboda wani malami mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan, wato Yesu, halitta ne. Taron ya ƙi wannan koyarwa, kuma a kan matsayin taron Katolika da Angilika da ECWA da sauransu suke har yanzu.

Sai da na girma na gane wani abu da ya warware mini rikici mai yawa. Mutane sukan kwatanta Yesu da Annabi Muhammadu, su kwatanta Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani, sai muhawara ta rikice. A Musulunci maganar Allah ta sauko ta zama Littafi, shi ya sa ake kiyaye lafazinsa na Larabci, ake haddace shi, ake salla da shi daga Kano har Indunusiya. A Kiristanci maganar Allah ta sauko ta zama mutum, littafi kuwa shaida ne a kansa. Shi ya sa ba mu da harshen ibada guda: an rubuta Sabon Alkawari da Girkanci, an fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932, kuma mahaifiyata, wadda ba ta san ko harafi ɗaya na wani harshe ba, da Hausa ta yi addu'arta har ta koma ga Allah. Farfesa Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya tashi a gidan Musulmi kafin ya zama Kirista, ya yi dogon nazari a kan wannan hali na Kiristanci na shiga kowane harshe ya zauna.

Gicciye da gafara

Tun muna yara akan ce mana Musulmi da aikinsa yake neman Aljanna, Kirista kuwa da alherin Allah. Wata rana na maimaita wannan a gaban Baffa. Bai yi fushi ba, ya ce, "Ɗana, zauna. Wanda ya gaya maka haka bai gama bincike ba. Annabinmu ya sanar da mu cewa ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah, har shi kansa. Muna aiki, akwai mizani, amma rahama muke fata." Daga nan na fahimci cewa bambancin ya fi yadda aka ba mu labari zurfi. Duka biyu sun yarda Allah mai jinƙai ne. Tambayar ita ce, ta yaya gafara take zuwa?

A koyarwar Musulunci, Annabi Adamu ya yi kuskure, ya tuba, Allah ya yafe masa, magana ta ƙare. Kowane jariri a tsarkake yake zuwa duniya, ba wanda yake ɗaukar nauyin laifin wani, kuma mai zunubi ya tuba da gaske ya mayar da haƙƙin mutane, Allah yana yafewa kai tsaye ba tare da wani ya tsaya a tsakani ba. Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. A koyarwarmu kuwa, faɗuwar Adamu ta shafi zuriyarsa duka. Zunubi bai tsaya a kan ayyukan da muke yi ba, ya shiga cikin zuciya, mutum ya san daidai amma ya kasa yi. Saboda haka abin da muke bukata ya wuce mai nuna hanya, mai ceto muke bukata. Mun gaskata an gicciye Yesu a Urushalima a zamanin gwamnan Roma Bilatus Babunti, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku. In aka cire wannan, babu sauran Kiristanci.

A kan wannan ne 'yan'uwan biyu suka fi daɗewa suna magana, galibi da daddare a zaure. Hujjar Baffa mai ƙarfi ce, ba ta raini ba. Yakan ce, "Ina adalci a kama marar laifi a hukunta shi saboda mai laifi? Kuma me zai hana Mai iko duka ya yafe kawai?" Amsar Baba daga gona ya ɗauko ta. A farin 1973, da hatsi ya yi wuya, ya ranta wa wani maƙwabci dawa daga rumbunmu. Shekara ta zagayo mutumin ya kasa biya, Baba ya ce ya yafe. "To Yaya," in ji shi, "da na yafe, dawar ta dawo rumbu? Ba ta dawo ba. Mu muka kwana da yunwar. Duk wanda ya yafe, shi ya ɗauki asarar. Ba wani na dabam Allah ya kama ya hukunta ba, shi da kansa ya zo ya ɗauka." Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai mutum ne, rumbunka yana raguwa. Taskar Allah ba ta raguwa." Ba wanda ya kayar da wani. Amma a daren nan na ga ainihin wurin da hanyoyin biyu suka rabu, kuma duk karatun da na yi daga baya bai nuna mini wani wuri da ya fi shi ba.

Ko ranar Babbar Salla ma akwai wannan bambanci a cikin naman da Baffa yake aiko mana. Shi yana tuna biyayyar Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila. Mu a Attaura Ishaku muka karanta, kuma idonmu yana kan ragon da Allah ya tanada a madadin yaron, muna ganinsa alama ce ta hadayar da za ta zo sau ɗaya ta wadatar. Shi ya sa Kirista ba shi da layya. Muna cin naman da godiya, kowa kuma ya san abin da yake tunawa.

Na yi imani da gicciye domin na ga abin da ya yi wa mahaifina. Mutumin da ya tashi yana ganin ubansa yana yanka bayan yanka ba tare da kwanciyar rai ba, ya ji an ce an riga an biya. Bai mai da wannan lasisin yin abin da ya ga dama ba. Ya bar burkutu, ya bar zagi, ya koyi karatu da girmansa. Ya ce ba don a karɓe shi yake yi ba, don an riga an karɓe shi ne.

Doka da zuciya

Wani bambancin a rayuwar yau da kullum yake fitowa. Baffa yana da amsa a rubuce ga kusan kowane abu: yadda ake alwala, lokutan salloli biyar, nisabin zakka, rabon gado, iddar mace, dabbar da ta halatta. Yahudawa ma suna da irin wannan shari'a mai faɗi. Kiristanci bai zo da kundi irin wannan ba. Tun a zamanin manzanni aka yi taro a Urushalima, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labari, aka yanke cewa ba za a ɗora wa sauran al'ummai kaciya da dukan dokokin Musa ba. Abin da Yesu ya nanata shi ne tushen aiki: fushin da ke haifar da kisa, sha'awar da ke haifar da zina, sadakar da ake yi don a gani. Ya tattara doka duka a kan ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci.

Baffa yana ganin wannan sakaci ne, mutum yana bukatar iyaka a fili. Akwai gaskiya a tsoronsa, don na ga Kiristocin da suka mai da 'yanci hujjar lalaci, na kuma sha jin kunya in na ga ɗan Baffa ya tashi da asuba cikin sanyin hunturu yana alwala alhali majami'a ba kowa a taron addu'ar safe. Amma ban yarda cewa hanyar Yesu ta fi sauƙi ba. Dokar da ta tsaya a hannu ana iya cika ta. Wadda ta shiga zuciya ba ranar da za ka ce ka gama.

A makarantar sakandare, a shekarun da ake ɗauko malamai daga Indiya, wani malamin lissafi mabiyin addinin Hindu ya buɗe mini wata taga. Abin da muke gani a finafinan Indiya, mutum ya mutu a sake haifarsa, a wurinsa ba tatsuniya ba ce. Ya ce kowane aiki yana bin mai shi daga rayuwa zuwa rayuwa, abin da ka shuka shi za ka girba, har ran da rai zai kuɓuta daga wannan zagaye. Mabiya Buddha ma suna da irin wannan fahimta, kuma koyarwarsu ba ta rataya a kan Mahalicci ba. A nan ni da Baffa muna gefe ɗaya: rayuwa ɗaya, mutuwa ɗaya, tashin matattu, sannan hisabi a gaban Allah mai rai wanda yake iya yafewa.

Ranar da aka gwada koyarwar

A watan Maris na 1987 ina koyarwa a Zariya lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa garuruwa da dama. An rasa rayuka, an ƙona wuraren ibada. Majami'ar da nake zuwa tana cikin waɗanda suka ƙone. Wani tela Musulmi, maƙwabcinmu, shi ya shigar da ni da iyalina cikin gidansa, ya zauna a ƙofa. Da ƙura ta lafa sai ga Baffa, da tsufansa, ya biyo mota da buhun gero ya zo duba mu. Ɗan'uwa rabin jiki.

Ran Lahadi muka taru a filin da toka take. Matasa jininsu yana tafasa. Tsohon fastonmu ya buɗe Matiyu sura 5, inda Yesu ya umarci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu su kuma yi wa masu tsananta musu addu'a. Ban taɓa jin nauyin wata koyarwa kamar na ranar ba. Musulunci ya ba wanda aka zalunta haƙƙin ƙisasi ta hannun hukuma, ya kuma yaba wa wanda ya yafe. Yesu bai bar wa mabiyinsa zaɓi ba: wanda aka yafe wa bashi mai yawa ba shi da bakin riƙe ɗan'uwansa. Shi kansa yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara.

Ba zan ce Kiristoci sun cika wannan ba. Tarihi yana nan: yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, cinikin bayi da masu zuwa coci suka yi, da ramuwar gayya da aka yi a ƙasar nan da sunan kare addini. Darasin da na ɗauka shi ne a auna kowane addini da koyarwarsa, kada a auna shi da mafi munin mabiyansa. Wanda ya ƙona majami'armu ya saɓa wa addininsa. Telan da ya tsare mu shi ya bi nasa. Haka Limam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a jihar Filato, wanda a 2018 ya ɓoye mutane sama da 200, galibinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa. Haka Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba, Wuye ma ya rasa hannu a wani rikici a 1992, amma suka haɗu suna sulhunta al'umma ba tare da ɗayansu ya bar aƙidarsa ba.

Abin da nake gaya wa na baya

Yau muhawarar da ake yi a zaure ta koma cikin waya. Yaro ya ɗauki guntun bidiyo na minti biyu, wani yana yi wa addinin wani ba'a, ya ɗauka ya yi ilimi. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da nake gaya wa 'ya'yana da ɗalibaina, Kirista da Musulmi, guda uku ne.

Ka san naka da kyau, har ka iya faɗinsa ba tare da ka zagi na wani ba. Kiristan da bai iya bayyana dalilin gicciye ba sai ta hanyar aibata Musulunci, bai san gicciye ba tukuna.

Ka tambayi mai abu game da abinsa. Matambayi ba ya ɓata. In za ka faɗi abin da Musulmi ya gaskata, faɗe shi yadda in ya ji zai ce, "Haka ne, ka faɗi daidai." Kai ma Musulmi, kafin ka ce Kirista yana bauta wa alloli uku, tambaye shi.

Kada ka share bambanci don neman a so ka. Wanda ya ce maka duk ɗaya ne bai ɗauki imaninka da nauyi ba, bai kuma ɗauki nasa ba. Ni na gaskata Yesu ya mutu ya tashi, kuma ina fatan kowa ya san wannan farin ciki. Maƙwabcina ya gaskata ba haka ba ne, yana kuma yi mini fatan shiriya da zuciya ɗaya. Ba zai yiwu mu duka biyu mu yi daidai a kan wannan ba, kuma Allah ne zai raba gardama a ranar da ya sa. Kafin ranar, abin da ya ɗora mana a fili yake: mu faɗi gaskiya, mu riƙe amana, mu tsare ran juna da mutuncin juna.